Daga Jigawa zuwa Tsaunin Mambila da iyali a mota: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da magidanta daga ƙauyukan Birnin Kudu, Gwaram, Sumaila da Takai suka fi yi idan an sayar da riɗi, makarantu sun yi hutu, kuma ana son kai yara su ga gandun dajin Yankari da na Gashaka-Gumti, da Tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Mafi yawan bayanin a kan mota yake, domin direban da ya koyi tuƙi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu bai taɓa gwada birkinsa a gangaren da ake shafe kilomitoci ana saukarsa ba.

Ta ina ake bi, kuma kwana nawa za a ware?

Daga Birnin Kudu hanya biyu ce. Mai son farawa da Yankari zai bi ta Babaldu da Ningi ya shiga Bauchi, ya kama hanyar Gombe har Dindima, ya karya dama zuwa Mainamaji inda ƙofar gandun take. Daga ƙofa zuwa sansanin Wikki da sauran tafiyar kilomita 40 da ɗoriya a cikin daji, don haka ganin ƙofa ba isowa ba ne. Wanda ba ruwansa da Yankari sai ya yanke ta Gwaram, Darazo da Dukku ya faɗa Gombe. Daga Gombe a bi Kumo, Billiri, Kaltungo, Numan inda ake haye kogin Binuwai, sai Jalingo. Daga can Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe, sannan a kama hawan dutse zuwa Maisamari, Nguroje da Gembu.

Idan aka haɗa da ratsen Yankari, zuwan kawai ya haura kilomita 1,000. Tsarin da ba ya wahalar da yara shi ne kwana biyu a Wikki, ɗaya a Gombe, ɗaya a Jalingo, biyu a Serti, biyu a Gembu, sannan Jalingo da Gombe a dawowa. Kwana 10 ke nan a waje, a ƙara ɗaya na ko-ta-kwana saboda faci ko zazzaɓin yaro. Wanda yake da kwana uku kacal ya tsaya a Yankari ya dawo. Matse Mambila cikin kwana biyar shi ke jawo tuƙin dare, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wane wata ya fi dacewa?

Daga Disamba zuwa Maris. A damina hanyoyin burji na cikin Gashaka suna yankewa, rafuka su cika, hazo kuma ya rufe kwanonin dutsen har direba ya kasa ganin abin da ke gabansa. Sai dai kowane ɓangare na rani da nasa: a Disamba an gama girbi, yara suna hutu, amma ciyawa ba ta gama bushewa ba, dabbobin Yankari suna warwatse, ƙurar hunturu kuma tana dusashe tsaunuka. Daga Fabrairu zuwa Afrilu dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji saboda ruwa ya janye a sauran wurare, to amma zafin Numan da Jalingo a lokacin ba na wasa ba ne ga mota mai lodi. Mai ƙananan yara ya ɗauki hutun Disamba.

Motata Sharon ce, ta ƙanena kuma Golf. Za su iya?

Za su iya kai ku Gembu, domin kwalta ce har can, duk da akwai wuraren da ta farfashe. Abin da ba za su iya ba shi ne shiga cikin Gashaka-Gumti daga Serti. Wannan sai mota mai tsayin ƙasa irin Hilux, ko babur. A ajiye motar gida a Serti, a yi magana da ofishin gandun kan abin hawa.

A kuma sani cewa iskar kan tsauni ba ta kai ta ƙasa kauri ba. Injin da ba shi da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska) yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000 da aka hau, Mambila kuwa tana wajen mita 1,600. Idan mota ta yi sanyin jiki a sama, ba lalacewa ta yi ba. Lodi ne babban abin dubawa: mutum bakwai a mota mai kujera bakwai, ba tara ba, kuma kada a tula buhuna a rufin mota, domin nauyin sama yana sa mota ta riƙa karkata a kwana.

Me zan ce wa makanike ya duba kafin mu tashi?

A kai mota gareji mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, don a samu kwanakin gwada gyaran a hanyar kasuwa. A fara da birki. A cire tayoyin huɗu a ga kaurin fad ɗin birki da ido. Idan ya kusa milimita 3 a canza, gaba da baya. Sannan man birki, wanda kusan kowa ke mantawa da shi tunda ba ya ƙarewa. Man birki yana zuƙar danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai wajen digiri 230, amma wanda ya sha ruwa yana iya tafasa a 155, DOT 3 kuwa a 140. Idan ya haura shekara biyu a mota, ko ya koma launin shayi, a zubar da shi gaba ɗaya a zuba sabo, a fitar da iska daga kowace taya. Ƙara sabo a kan tsoho ba ya gyara komai. Abin da aka rubuta a murfin tulun man shi za a saya. A ja birkin hannu a kan ɗan tudu a ga ko yana riƙe mota.

Sai lagireto. A wanke shi, a matsa tiyoyinsa a ji ko sun yi laushi ko sun tsattsage, a kunna mota a tsaye har fanka ta tashi da kanta. Murfin lagireto ƙaramin abu ne mai arha, amma shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan robarsa ta mutu, mota za ta riƙa amai a tsakiyar hawa. A zuba ruwan lagireto na kanti, kore ko ja. Ruwan rijiya yana barin ƙasa da tsatsa a cikin bututu.

Taya kuma a duba shekararta, ba zanenta kawai ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Jami'an kiyaye haɗurra suna ɗaukar tayar da ta haura shekara huɗu a matsayin wadda ta gama aiki, kuma yawancin tayoyin gwanjo sun wuce haka tun kafin su iso Kano. A auna iska da safe taya na da sanyi, bisa adadin da ke manne a jikin ƙofar direba, har da tayar sifiya.

A but a ajiye jak da ya yi aiki a gabanka, sifanar taya, fanbel, fiyus, litar baƙin mai, ƙaramar kwalbar man birki, galan na ruwa, igiyar ja, tocila, abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku.

Yaya ake hawa da saukar dutsen Mambila? Wannan ne ke ba ni tsoro.

Tsoron yana da amfani. Hawan yana farawa ne bayan Mayo Selbe, hanya tana nannaɗe da dutse, gefe guda bango, gefe guda kwazazzabo. A tsaya a ƙasa a yi sallah, a duba ruwa da taya, a kashe na'urar sanyaya mota, sannan a kama hawa da rana tsaka ko hantsi, ba da magariba ba.

A hawa, giya ta biyu ko ta uku, inji yana ɗan ƙara amma ba ya shaƙewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin mota a babbar giya ana danna totur har ƙasa: inji yana wahala, famfon ruwa yana juyawa a hankali, allurar zafi ta tashi. Kada a ɗora ƙafa a kan kuloci ana riƙe mota da shi a bayan babbar mota. Warin ƙauri zai biyo baya. Idan dole a tsaya, birkin hannu. A yi ham kafin kowace kwanar da ba a ganin bayanta, kuma kada a wuce kowa a kwana ko da direban tirela ya miƙo hannu yana cewa a wuce. Inda hanya ta matse, mai saukowa ne ke bai wa mai hawa hanya.

Sauka ita ce ainihin jarrabawar. Ƙa'idar tsoffin direbobi: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. A sa ta biyu tun kafin gangaren ya fara, a bar inji ya riƙe mota. Mai atomatik ya ja giya zuwa 2 ko L. Ƙarar injin za ta ƙaru, uwargida za ta ce mota na kuka. Ba komai, aikinta take yi. Birki kuma a taka shi da ɗan ƙarfi na daƙiƙa uku ko huɗu har gudu ya ragu, a ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska, a sake. Ɗora ƙafa a hankali ba ɗagawa shi ke gasa shi. Sakin mota a firi don tsimin mai, wanda wasu suka saba yi a gangaren gadar ƙauye, a nan ganganci ne da rayukan yara.

Birki yana gargaɗi kafin ya tafi. Idan aka ji ƙauri, ko feda ta yi tauri amma mota ba ta tsayawa yadda ta saba, fad ya yi zafi. Idan feda ta yi laushi tana nutsewa, mai ne ya tafasa ya zama tururi. Ko wanne ne, a sauke giya, a tattaka feda da sauri, a ja birkin hannu sannu a hankali yatsa na danne da maɓallinsa, a samu fili a tsaya. A sa dutse a gaban taya, a jira minti 30 zuwa 40. Kada a watsa wa farantin birki ruwa, zai lanƙwashe. Idan za a tashi a ɗauke dutsen daga kan titi, saboda mai babur da ke tafe.

Idan allurar zafi ta hau ja fa?

A kunna hita har ƙarshe a buɗe gilasai, tana janye zafi daga inji. A tsaya inda ake hango mota daga nesa. Idan fanka na juyawa kuma ruwa ba ya zuba, a bar inji yana aiki a tsaye na 'yan mintoci. Idan tururi na fita ko ruwa na tsiyaya, a kashe nan take. Kada a taɓa murfin lagireto sai bayan rabin sa'a, da tsumma mai kauri, fuska a kauce, yara a nesa. Ruwan sanyi a cikin inji mai zafi yana fasa kan inji.

Mai nawa za mu sha?

A lissafa da motarka. Wadda ke shan lita 10 a kilomita 100 za ta buƙaci wajen lita 220 a tafiyar kilomita 2,200, a ƙara rubu'i saboda hawa, lodi da zagaye. A cika tanki a Bauchi, Gombe da Jalingo, daga nan kuma duk inda aka ga gidan mai a buɗe a ƙara ko da tanki na rabi. Man bumburutu ya fi tsada, wani lokacin da gauraye. Jarkar fetur ba ta zama cikin mota tare da yara. A riƙe tsabar kuɗi a raba su wuri biyu, domin bayan Bali sabis yana ɗaukewa a wurare da yawa, mai POS kuma ba ya aiki sai da shi.

Batun tsaro da shingayen hanya fa?

Labarin hanya yana canzawa daga mako zuwa mako, kuma babu wanda ya fi direbobin tasha saninsa. A kowane gari aka kwana, maigida ya je tasha da yamma ya tambayi masu lodin garin da za a nufa: ina ne ya lalace, wace gada ake gyara, ƙarfe nawa suke daina tashi. A fita bayan sallar asuba idan gari ya waye, a sauka kafin la'asar sakaliya. A sanar da wani a gida kowane zango. Takardun mota, lasisi da katin ɗan ƙasa na kowane babba su kasance a hannu. Gembu da Gashaka suna dab da iyakar Kamaru, yankin ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya zama ɓangaren Najeriya, don haka tambayar shaida a can ba abin mamaki ba ce. Lambar gaggawa 112 ce, ta hukumar kiyaye haɗurra kuma 122. Direba ya huta aƙalla minti 15 bayan kowace sa'a huɗu, in da hali a tafi da direba na biyu.

Me yara za su gani a Yankari, me za su gani a Gashaka?

Wurare ne iri biyu, kuma gara a faɗa wa yara gaskiya tun a gida. Yankari, mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, yanzu yana hannun gwamnatin jihar Bauchi. Daji ne na fili, ana zagaya shi a mota da ɗan rakiya, safe da yamma. Ana ganin gwanki, mazo, gwambaza, mugun dawa, ɓauna, in an yi sa'a giwaye. Ruwan Wikki yana fitowa daga ƙarƙashin dutse da ɗumin digiri 31 dare da rana, garau har ana ganin yashin ƙasa. Ya fi zurfi ta wajen dutsen, don haka ƙanana su tsaya ta ƙasa, babba na riƙe da su. Mata sun fi sakewa da sassafe kafin jama'a su taru.

Gwaggon biran sansanin Wikki kuwa sun san leda, sun san kula, sun san yadda ake buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Yaro ya fito da burodi a hannu, kafin ya kai baki an fizge. A ci abinci a ɗaki, a rufe taga, kada a ba su komai, kada a jefe su.

Gashaka-Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, an kafa shi a 1991. Tsaunuka ne da kurmi da koguna masu sanyi. A cikinsa Chappal Waddi yake, dutse mafi tsayi a ƙasar nan, mita 2,419. Akwai cimfanzi, biri mai roro, dorina da tsuntsaye iri-iri, amma a nan da ƙafa ake nema, cikin kurmi, kuma ana iya wuni ba a ga cimfanzi ko ɗaya ba. Ana fara zuwa ofishin gandun a Serti a karɓi izini da ma'aikacin rakiya. Iyali su nemi gajeren zagaye na bakin kogi. Hawan Chappal Waddi tafiyar kwanaki ce ta majiya ƙarfi, ba ta yara ba.

Abin da aka hana a duka biyun: bindiga, danƙon harbin tsuntsu, kunna wuta, yankan zuma, da sassaƙe. Wannan na ƙarshen a gaya wa Baba da Inna tun da wuri, domin dattijon da ya ga itacen maganin da ya ɓace a garinsu hannunsa zai kai aljihu neman wuƙa.

Mahaifiyarmu tana da hawan jini, matata kuma na da juna biyu. Su zo?

Tsayin Mambila bai kai inda iska ke sa mutane ciwo ba. Wannan yakan fara ne daga wajen mita 2,500. Abin da zai wahalar da Hajiya shi ne zaman mota da sanyi. A auna jininta kafin tafiya, a ɗauki maganinta na kwanakin duka da ƙari, a jakar hannu ba a but ba, a riƙa tsayawa tana taka ƙasa. Mai tsohon ciki ta haƙura, ramukan hanyar da nisan asibiti ba su dace da ita ba. Mai ƙaramin ciki ta tambayi ma'aikaciyar awo.

Wane guzuri da magani za a ɗauka?

Abin da ba ya lalacewa: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, cincin, soyayyar gyaɗa. Fura da nono na ranar farko ne kawai. Ruwan sha lita uku ga kowane mutum a rana. A kan tsauni ruwa yana tafasa a wajen digiri 95, shi ya sa wake da shinkafa suke daɗewa a wuta; a jiƙa wake tun dare.

Gudawa ce ta fi kama yara a hanya. A sayi ƙullin gishiri da sukari na kemis. In ya ƙare, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro mai amai a mota a zaunar da shi a tsakiya yana kallon gaba, a karɓe waya daga hannunsa, a rage masa maiƙo kafin kwanonin dutse. 'Yan ƙasa da shekara 12 a baya suke zama. Kunne zai toshe a hawa da sauka: manya su haɗiyi yawu, jariri a ba shi mama. A tafi da gidan sauro. A Gashaka akwai ƙudan tsando, yana son baƙin tufafi da shuɗi, don haka a sa masu haske masu dogon hannu. Takalmi rufaffe ga kowa a daji. Idan maciji ya sari wani, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wa tamau; a hana gaɓar motsi a nufi asibiti mafi kusa. A Kaltungo, kan hanyarku, akwai asibitin da ya ƙware a kan saran maciji.

Da gaske ne ana sanyi a Gembu har haka?

Da gaske ne, musamman da dare da asuba. Kowa da rigar sanyi, hula, safa, da bargo ɗaya na ƙari ga yara. Kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe. Hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane cikin barci.

Ladan sanyin shi ne abin da ido zai gani: tuddai kore shar ba iyaka, shanu a kwance a kansu, layukan itacen turare, da gonar shayi ta Kakara. Hausa da Fulatanci suna biyan buƙata a kasuwa.

Sallah fa?

Tafiyar ta wuce nisan kasaru, wanda a mazhabar Malikiyya yake wajen kilomita 80, kuma ba inda za a yi niyyar zaman kwana huɗu. A tambayi malamin gari hukuncin haɗa salloli kafin a tashi. Masallatai suna nan a kowane zango. Buta da darduma dai su zauna kusa da ƙofa, ba ƙarƙashin kaya ba.

Wace tsaraba ake kawowa?

Ganyen shayi, zuma, man shanu, ayaba, fiya da dankalin turawa. A tuna cewa duk abin da aka saya a Gembu da Nguroje birki ne zai sauko da shi, don haka buhun dankali ɗaya ya isa, a shimfiɗe shi a ƙasan but dab da kujerar baya. Zuma a jarka mai murfin dunƙule, a cikin leda biyu. Ayaba da fiya a zaɓi ɗanye shar a ɗora su a saman kaya, domin da an sauko Bali zafi zai fara nuna su, waɗanda aka saya nunannu kuwa ba za su wuce Numan ba.